Laulawa a Ƙasar Auduga: Keke da Hanyoyin Karkarar Funtuwa da Malumfashi

A cikin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawali na huɗu inda aka zayyana ayyukan ƙananan hukumomi, akwai wani layi da ba kasafai ake kula da shi ba. Layin ya ba ƙaramar hukuma ikon yanka wa keke lasin, tare da kwalekwale da baro da amalanke. Yau idan ma'aikacin ƙaramar hukumar Funtuwa ko Malumfashi ya tare mai keke a bakin kasuwa ya ce ya nuna lasin, dariya kawai za a yi masa. Amma wannan layi gado ne daga zamanin En'e, lokacin da keke yake dukiya, ake biya masa kuɗi duk shekara, a ɗaura masa 'yar lambar ƙarfe, ɗan doka kuma ya iya tsare mutum a kan rashinta. Hukuma ba ta sa haraji a kan abin da ba shi da daraja. Don haka idan muna son sanin matsayin da keke ya riƙe a kudancin Katsina, wannan layi ya isa shaida ta farko.

Keken da muka sani ba tsohon abu ba ne ko a ƙasar Turai. A birnin Paris na Faransa aka fara sa wa keke feda a shekarun 1860, a shagon wani maƙeri mai suna Pierre Michaux, kodayake har yau masana na jayayya ko shi ne ya ƙirƙiro dabarar ko wani makaniki, Pierre Lallement. Keken nasu na katako ne da ƙarfe, fedar tana manne da ƙafar gaba, kuma girgizarsa a kan titin dutse sai wanda ya hau. Duk da haka a watan Nuwamba na 1869 aka yi tsere a kansa daga Paris zuwa Ruwan, tafiyar kilomita 123, wani Baturen Ingila mai suna James Moore ya zo na ɗaya bayan sama da awa goma yana tuƙi. Sai a 1885 John Kemp Starley na garin Kobantiri a Ingila ya fito da keke mai ƙafafu biyu kusan daidai wa daida, da sarƙa mai juya ƙafar baya. A 1888 Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska, a 1891 kuma kamfanin Michelin na Faransa ya yi wadda ake iya cirewa a yi mata faci a mayar. Daga nan siffar keke ta zauna. Wanda ke jingine a zauren kakanninmu da wanda ake sayarwa yau a kasuwar Funtuwa duk jikokin na Starley ne.

Mu kuwa da bakin Yarbawa muka karɓi sunansa, domin kalmar keke daga kudu ta hauro tare da kayan. Tsofaffi sun ce basukur, wanda Ingilishi ne aka tanƙwara. Laulawa ce tamu ta gida, kuma ita ta fi kama da abin.

Abin da ya kawo keke ƙasar Maska da ta Galadima shi ne auduga, ko kaɗa kamar yadda muke cewa a nan. Tun kafin zuwan Turawa yankin ya shahara da noman auduga da saƙa da rini. A 1902 masu masaƙun Lankasha suka kafa kamfanin BCGA don neman audugar da za ta rage musu dogaro da Amurka, suka zuba ido a kan Arewacin Nijeriya. Wajen 1912 aka shigo da irin auduga na Amurka mai suna Allen, wanda zarensa ya fi na gida tsawo, aka gwada shi a ƙasar Zazzau, ya karɓu. A shekarun 1920 aka buɗe gonar iri a Daudawa, aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Aka kafa gidan gurza a Funtuwa, daga baya a Malumfashi. Har yau sunan Bisije bai bar bakin mutanen garuruwan nan biyu ba, ko da yake da yawa cikin matasa ba su san haruffan wani kamfanin Ingila suke faɗa ba.

To ina keke a cikin wannan? Haraji da kuɗi ake biyansa, auduga kuma ita ce ke kawo kuɗin, sau ɗaya a shekara, da kaka. Manomi ya kai kayansa kasuwar auduga, malamin awo ya duba daraja, a ɗora a sikeli, a ƙirga masa sulalla. Bayan haraji da bashi da tufafin iyali, idan shekara ta yi kyau, abin da ya rage yakan tafi ga aure, ko saniya, ko wani kaya daga kantin Turawa. Kamfanonin da ke sayen audugar su ne kuma ke sayar da kayan Ingila, irin su UAC da John Holt, saboda haka kuɗin yakan fita ta wannan ƙofa ya koma ta waccan. Jirgin da ya tafi da dilar auduga zuwa Ikko shi ne ya dawo da akwatunan Raleigh na Notingam. Kamfanin Raleigh ya san darajar kasuwar Afirka ta Yamma sosai, har ya yi wani shahararren talla na mutum a kan keke yana dariya, zaki na bin sa a guje ya kasa cim masa.

Da farko ba talaka ne ke hawa ba. Ma'aikatan En'e ne: malamin gona, malamin makaranta, duba-gari, masinjan hakimi, sai dillalan auduga da 'yan kasuwar da suka biyo jirgi suka zauna a Funtuwa. Doki na sarauta ne, kuma yana ci ko an hau shi ko ba a hau ba. Keke ya ba sabon rukunin mutane, masu albashi da masu ciniki, abin hawan da ba ya bukatar ɗan ciyawa, kuma ba ya bukatar izinin kowa. Muna ganin wannan ba ƙaramin sauyi ba ne a ƙasar da hawa yake alamar matsayi. Ɗan talakan da ya yi elemantare ya samu aikin malanta yana iya wuce mahayin doki a hanya, ya dai sauka ya kwashi gaisuwa idan babba ne, sannan ya sake hawa ya bar shi a baya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu keke ya gangaro zuwa ga manomi. A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga, a 1954 ta koma hannun gwamnatin Jihar Arewa, a 1957 masaƙar Kaduna ta fara aiki, audugar Funtuwa ta samu mai saye a gida. An kafa wurin harhaɗa kekuna a Zariya, daga baya Raleigh ta yi masana'anta a Kano. Sai kuma Phoenix ta ƙasar Sin da Hero ta Indiya suka shigo da araha, suka kai keke gidan da Raleigh ba ta taɓa shiga ba.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya mu yi lissafi, domin a lissafin ne ake gane abin da keke ya yi wa karkara. Mutum mai tafiya a ƙasa yana cin kamar kilomita biyar a awa. Idan ya ɗauki kaya a ka, da ƙyar ya wuce kilo talatin in tafiyar mai nisa ce. Jaki ya fi shi ɗauka, amma bai fi shi sauri ba, kuma yana da ra'ayinsa. Mai keke a kan turba mai kyau yana yin kilomita goma sha biyu zuwa sha biyar a awa ba tare da ya jigata ba. Wato wurin da mai ƙafa zai kwana a hanya, mai keke zai je ya dawo ya yi la'asar a gida. Kasuwannin ƙasarmu kuwa na mako-mako ne, kowace da ranarta: Bakori, Ɗandume, Sheme, Ɗanja, Ƙafur, Funtuwa, Malumfashi. Mai ƙafa yana cin wadda ta fi kusa da shi, ya karɓi farashin da ya tarar. Mai keke yana iya cin uku ko huɗu a mako, ya san inda gero ya yi tsada da inda gishiri ya yi sauƙi. Daga nan aka samu ɗan koli mai akwati a kariya, da mai sayen ƙwai da zabi ƙauye-ƙauye, da mai kananzir, da mai raken Ɗanja da ke ɗaure dami a baya har ba a ganin kansa. Idan kaya ya fi ƙarfin tuƙi, sai keken ya zama amalanke: a cusa buhun masara a tsakiyar firam, a kama kai a tura. Ba wanda ya ƙera Raleigh don wannan aiki, amma ta yi shi shekara da shekaru.

Sana'o'i suka tsiro a gindinsa. Kowane gari mai kasuwa ya samu mai gyaran keke a ƙarƙashin bishiya, da kwanon ruwansa na neman huji, da famfo, da tsohon tif da yake yankawa yana faci. Aka samu masu hayar keke, inda yawancinmu muka koya, da kuɗin da ake biya na 'yan mintoci, ƙafa ɗaya ta cikin firam saboda ba mu kai sirdi ba. Ko bayan keke ya mutu bai ƙare ba. Ƙarfen ƙafarsa ya zama garen yara, tif ɗinsa ya zama danƙon harbi da igiyar ɗaure kaya. Samari kuma suka mai da shi abin ado, da madubai da geza da ƙararrawa biyu, don zuwa zance. Mata dai ba su samu rabo sosai a wannan tarihi ba, sai a goya su. Sai a 'yan shekarun nan ake ganin ƙananan 'yan mata na tuƙa kansu zuwa islamiyya a cikin gari.

Hanyoyin da keken ya bi su ma suna da nasu tarihin. Akwai turbar ƙafa da ke ratsa gonaki, wadda faɗinta bai wuce taku biyu ba, ƙafafun mutane suka daddaɓe ta har ta yi santsi. Akwai burtali, hanyar shanu mai shinge a gefe da gefe, wadda da rani take da daɗin bi in ba yashi. Akwai hanyar burji ta En'e da aka yi don motocin kwasar auduga, wadda ruwa kan yanke da damina. Babban ƙari ya zo a 1975, lokacin da gwamnati da Bankin Duniya suka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan, tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya haɗa gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. Ya gina cibiyoyin sayar da taki da iri, da ƙananan madatsun ruwa, da ɗaruruwan kilomita na hanyoyin burji masu kwalbati. An soki shirin, kuma da hujja, cewa manyan manoma da masu hannu da shuni suka fi cin moriyar taki da tarakta. Shi ne kuma ya sa masara ta fara ture dawa da auduga a gonakinmu. Amma hanya ba ta tambayar girman gonar mai bin ta. An yi su ne don motar taki, motar kuwa takan wuce jefi-jefi, sauran lokacin hanyar ta mai keke ce da mai jaki da Bafulatana mai tallan nono. Wanda ya taɓa bin irin wannan hanya da sanyin safiya a watan Nuwamba, auduga ta fashe fari fat dama da hagu, ba ya jin komai sai ƙarar sarƙa da kukan kurciya, ya san abin da Turawa ke biyan kuɗin jirgi su je nema a ƙauyukan Faransa.

Ba wasa muke yi ba, nema suke yi. Faransa tana da ƙananan hanyoyin karkara masu ɗimbin yawa, kuma asalinsu bai yi nisa da na namu ba. Wata doka ta 1836 ce ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma kula da hanyoyin da suka haɗa ƙauyukanta, don manomi ya kai amfaninsa kasuwa. Da keke ya zo ya tarar da su a shirye. A 1890 aka kafa ƙungiyar masu yawon keke ta ƙasar, ta shiga kafa alluna da buga taswira da matsa wa hukuma a gyara hanya. Wani ɗan kasuwa a Santatiyen, Paul de Vivie, ya ƙarar da rayuwarsa yana yaɗa hawan keke don ganin ƙasa, ba don tsere ba. A 1936 gwamnati ta ba ma'aikata hutun mako biyu da albashi, dubban leburori suka fita karkara a kan keke, wasu a karon farko a rayuwarsu. Bayan yaƙi mota ta mamaye manyan tituna, aka rufe ƙananan layukan dogo masu yawa. Sai a ƙarshen ƙarnin suka waiwayo. A 1997 aka buɗe tsohon layin dogo tsakanin Jibri da Kuluni a yankin Burgundi, kilomita 44, aka shimfiɗe shi aka hana mota da babur bi. Irin waɗannan suke kira koren hanya. Yau akwai hanyar keke mai tsawon kusan kilomita 900 da ke bin kogin Luwar, ƙauyukan bakinta suna cin abinci da masauki da gidajen abinci da hayar keke.

Bambancin shi ne, shirun hanyar Faransa da gangan aka yi shi, da doka da kasafin kuɗi, bayan sun ɗanɗana rashinsa. Namu kyauta muka same shi, saboda motoci ba su da yawa, shi ya sa ba wanda ya ɗauke shi abin karewa. Wani abin ban sha'awa kuma, kamfanin Peugeot ya fara ƙera keke tun 1882, kafin ya ƙera mota. Amma da ya zo Kaduna a 1975, shekarar da aka buɗe shirin Funtuwa, mota ya zo harhaɗawa. Mu ma ita muke so.

Kuɗin mai ne ya fara rage wa keke daraja. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ya ɗora ma'aikata a kan Honda da Yamaha da Vespa, malamin da ke alfahari da Raleigh ya miƙa wa ƙanensa. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, darajar naira ta faɗi, masaƙu suka shiga durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, auduga ta rasa mai saye tabbatacce. Jirgin Ƙauran Namoda ya daina zuwa a kai a kai. Matasan da ba su da aiki suka kama acaɓa, kuma da baburan Sin da Indiya masu araha suka cika kasuwa bayan shekarar 2000, Jincheng da Boxer suka shiga duk turbar da keke ke shiga, da ninkin saurinsa da ninkin kayansa. Babur ya yi amfani, ba ma musu: mai naƙuda da aka kai asibitin Malumfashi cikin rabin awa ba za ta yi kewar keke ba. Sai dai keke ya koma alamar rashi. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi kira a koma hawan keke, ya hau da kansa a Abuja, mota ta ture shi, ƙasa ta yi ta dariya. Dariyar ta rufe ainihin maganar, wato ba a yi titunanmu da tunanin mai keke ba. Wanda ya bi titin Funtuwa zuwa Bakori zuwa Malumfashi a kan keke ranar kasuwa ya san haka. Gefen kwaltar ya zaizaye, tirela ba ta kaucewa, kuma in aka yi karo ba a tambayar wa ke da gaskiya.

Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda ma'anar shirun kanta ta juya. Babur ɗin da ya kori keke daga turba shi ne abin hawan 'yan bindiga. A daren 11 ga Disamba 2020 suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashi ɗalibai sama da 300. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana hawa uku a babur, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. Hanyoyin burjin da aka yi don taki, musamman na yamma wajen Faskari da Sabuwa da Ɗandume, su ne mutane suka koma tambaya kafin su bi. A da idan hanya ta yi tsit, mai keke yakan saki jiki har ya yi 'yar waƙa. Yanzu idan manomi ya yi tafiyar minti goma bai gamu da kowa ba, gabansa ne ke faɗuwa, ya fara tunanin me mutane suka ji da shi bai ji ba. Akwai gonakin da aka daina nomawa ba don ƙasar ta gaji ba, sai don hanyar zuwa ta gagara.

Ana cikin haka sai keke ya dawo ta bayan gida. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Aka shiga zaro tsofaffin kekuna daga rumbu da bayan ɗaki, masu faci suka sake samun layi, kekunan gwanjo na Turai masu giya suka yi kasuwa. Malamin firamare da ke koyarwa a ƙauye mai nisan kilomita takwas ya yi lissafin da kakansa ya yi, ya ga albashinsa ba zai ɗauki man babur ba. Ba sha'awa ce ta dawo da shi kan sirdi ba, kuma bai kamata a yi masa kwalliyar da ba tasa ba. Amma ya dawo, kuma yawansu ya isa a ce hukuma ta san da su.

Wani zai ce ga layin dogon Zariya zuwa Ƙauran Namoda nan kwance ciyawa na cinye shi, me zai hana a yi masa irin na Burgundi? Mu ba mu goyi bayan haka ba. Faransawa sun cire ƙarfen ne a inda suke da wani jirgin da wata hanyar. Yankin da ke fitar da masara da waken suya da shinkafa tirela bayan tirela jirginsa yake bukata ya dawo, kuma kowane tarago da ya ɗauki hatsi ya rage babbar mota ɗaya a kan titin da mai keke ke bi. Abin da za a iya ɗauka daga Faransa ya fi wannan tsufa, shi ne dokarsu ta 1836, wadda ta ce ƙaramar hanya tana da mai ita, kuma akwai kuɗin da aka ware mata. Jadawalin nan na huɗu da ya ba ƙaramar hukuma ikon karɓar lasin keke, shi ne kuma ya ɗora mata gina hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su. Hanyoyin shirin 1975 suna nan, an san inda suka bi, da yawa ba abin da suke nema sai burji da gireda da gyaran kwalbatin da ruwa ya cinye. Titin Funtuwa zuwa Yashe kuma yana bukatar kafaɗa mai faɗin da mai keke ɗauke da dami zai bi ba tare da ya sauka cikin rami ba duk lokacin da ya ji hon a bayansa.